Wasiƙa ga Edita: A Buɗe Wa Masu Kallon Finafinai Filin Ba Juna Shawara

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu domin in gabatar da wata buƙata da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni tsohon malamin makarantar firamare ne, na yi shekara talatin da biyar ina riƙe da alli kafin in yi ritaya, kuma tun ina saurayi nake kallon finafinai, daga na Indiya da na Sin da ake haskawa a silima har zuwa na Hausa da suka zo daga baya. Buƙatata ita ce jaridarku ta ware fili a kowane mako inda masu karatu za su riƙa rubuto finafinan da suka kalla, su faɗi wanda ya burge su da dalilin da ya sa ya burge su, su kuma ja kunnen 'yan'uwansu game da wanda bai cancanci a ɓata lokaci a kansa ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da ya faru a gidana a hutun ƙaramar sallar da ta wuce. Gida ya cika da 'ya'ya da surukai da jikoki, sai bayan sallar isha'i yaran suka matsa mini cewa a sa musu fim mu kalla gaba ɗaya. Na ba babban jikana kuɗi ya je wurin masu tura finafinai a waya da ke bakin titi, ya dawo da wani sabon fim, ya ce mai shagon ya tabbatar masa cewa fim ɗin ya haɗu, kuma shi kowa yake nema a makon. Aka haɗa shi da talbijin, muka zauna. Ba a yi minti ashirin ba sai ga wata fitowa da wasu kalamai da ba za su faɗu a gaban surukai ba, balle a gaban yara ƙanana. Na tashi na kashe talbijin da hannuna, ɗakin ya yi tsit, matan suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Ban ga laifin jikana ba, kuma ko mai shagon ban ɗora masa laifi duka ba, domin na tabbata shi kansa bai kalli fim ɗin ba, ya dai ga ana yawan tambayarsa ne. A daren na daɗe ban yi barci ba ina tunanin yadda aka yi muka kai ga zamanin da finafinai suka fi ƙarfin ƙirga, amma mutum ya rasa wanda zai tambaya ya gaya masa gaskiya a kan guda ɗaya.

Da ba haka abin yake ba. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, lokacin da muke samari a Fagge, gidajen silima ba su da rufi, saboda haka sai duhu ya yi ake fara haska fim. Akwai Plaza a nan Fagge, akwai Orion a Ƙofar Wambai, akwai El Dorado a Sabon Gari. Kuɗin shiga ba ya samuwa kullum, don haka babu wanda zai ɗauki ɗan abin da ya tara ya je ya zubar ba tare da ya tambayi wanda ya riga shi gani ba. Kowace majalisa tana da gwaninta na ba da labarin fim. Namu wani tela ne, Allah ya jiƙansa, wanda bai san kalma ko ɗaya ta Indiyanci ba, amma idan ya kalli fim sau biyu zai zauna a kan benci ya warware maka shi daki-daki, ya gaya maka inda akta ya sha wuya, da inda bos ya cika mugunta, da waƙar da za ka ji a bakin mutane washegari. Daga irin waɗannan majalisu ne 'yan wasan Indiya suka sami sunayen Hausa, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, daga baya kuma Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Fim kamar Sholay, wanda ya fito a 1975, an yi shekaru ana maimaita shi, kuma duk lokacin da aka dawo da shi sai gidan ya cika, domin waɗanda suka gani su ne suke jawo waɗanda ba su gani ba.

Abin da nake so a lura da shi a nan shi ne, maganar telan nan tana da nauyi saboda mutuncinsa yana rataye da ita. Idan ya ce fim ya yi kyau, muka je muka tarar da shirme, washegari sai ya sha tambaya, kuma idan haka ta faru sau biyu ko uku babu mai sake neman ra'ayinsa. Saboda haka ba ya yabon abin da bai gani ba, kuma ya san halin kowannenmu. Wanda yake son faɗa zai tura shi wurin Bruce Lee, wanda kuma yake son labari mai sa hawaye zai ce masa ya jira a dawo da Mother India.

Da bidiyo ya shigo gidaje, wannan aiki ya koma hannun masu shagon hayar kaset. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, kafin ƙarshen shekarun kuma finafinan Hausa sun cika Kasuwar Ƙofar Wambai, har Sangaya ya fito a 1999 waƙarsa ta shiga kowane lungu. A lokacin ne matan aure, waɗanda al'ada ba ta yarda su je silima ba, suka zama manyan masu kallo. Uwargida takan aiki yaro shago, mai shago kuma ya san gidan da aka aiko shi, ya san na Malam Liman ne ko na gwauraye, ya zaɓi abin da ya dace ya ba shi. A shekarar 1999 ɗin ce kuma mujallar Fim ta fara fitowa, masu kallo daga garuruwa daban-daban suka sami wurin rubuta wasiƙu suna yabo suna suka, 'yan fim kuma suna karantawa.

Yau kiɗa ya canza. Kaset ya tafi, faifan CD ya bi shi, kasuwa ta koma kan finafinai masu dogon zango da ake sakawa a tashoshin tauraron ɗan'adam da intanet, wasunsu sun haura kashi ɗari. Ga fassarar Indiya-Hausa, ga na Turkiyya, ga na Koriya, ga na Kudu. Wanda yake zaɓar wa yaro abin kallo yanzu ita ce wayarsa, ita kuwa waya ba ta san gidan liman ba, abin da mutane da yawa suka latsa shi take turo wa kowa. Masu ɗora finafinai sun gane haka, saboda haka sai su liƙa hoto mai ɗaukar ido da take mai tayar da hankali, wanda sau da yawa ba shi da wata alaƙa da abin da ke cikin fim ɗin. Mutum ya ƙona datarsa da ya saya da gumin goshinsa, ya yi awa biyu, ya tashi bai san abin da ya kalla ba.

Idan ka duba hirar masu kallo a dandalin sada zumunta, abin da za ka fi gani shi ne kalmomi biyu ko uku: ya haɗu, ya ba da ma'ana, bai yi ba. Sauran hirar kuwa a kan 'yan wasa take, ana ja-in-ja tsakanin magoya bayan wannan jarumi da na wancan, har ta kai ga zage-zage. Kuma da izininka, Edita, zan ce jaridu ma suna da nasu kason a wannan, domin shafukan nishaɗi sun fi ba da ƙarfi ga wace jaruma ce ta yi aure, wace ce aurenta ya mutu, wa ya sayi sabuwar mota, wa ya yi wa wani gugar zana. Da wuya ka ga an ɗauki fim guda an tattauna labarinsa, an ambaci sunan wanda ya rubuta shi, an faɗi ko Hausar da aka yi a cikinsa ta tsaya da ƙafarta ko kuwa rabi Turanci ce. Marubucin da ya yi wata uku yana tsara labari ba a san shi ba, wanda kuma ya haɗa shirme cikin kwana huɗu shi ma babu mai ce masa komai, to me zai sa wani ya wahalar da kansa?

A ganina, shawara mai amfani a kan fim dole ta zo da dalili. Mai ba da ita ya faɗi abin da labarin ya ƙunsa a taƙaice ba tare da ya tona ƙarshensa ba, ya faɗi abin da ya taɓa zuciyarsa, kuma kada son jarumi ya hana shi faɗin inda aka yi sake. Abu mafi muhimmanci a wurina, bayan abin da ya same ni a hutun salla, shi ne ya faɗi da wa za a iya kallonsa, ko na dukan iyali ne, ko na manya ne kawai. Ya kuma faɗi inda za a same shi ta halastacciyar hanya, domin satar fasaha ce ta durƙusar da kasuwar finafinan Hausa, kuma wanda yake son a ci gaba da yin finafinai masu kyau ya kamata ya kalle su a inda mai su zai ci moriyar wahalarsa.

Tunda waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, bari in fara da kaina. Fim ɗin da na fi so a rayuwata shi ne Shaihu Umar, wanda marigayi Adamu Halilu ya ba da umarninsa a 1976, daga littafin marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa da muka karanta muka kuma karantar a makaranta. Labarin wani malami ne da ɗalibansa suka tambaye shi asalinsa, ya zauna ya ba su tarihin yadda aka sace shi yana yaro a zamanin cinikin bayi, aka ƙetara Sahara da shi, ya tashi a hannun wani Balarabe ya yi karatu, da yadda mahaifiyarsa ta bar komai ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa cikin bauta. Abin da nake so a fim ɗin shi ne natsuwarsa. Ba a gaggawa a cikinsa, ana barin mutum ya gama maganarsa, ana barin ayari ya yi tafiyarsa a cikin rairayi har mai kallo ya ji nisan hanyar a jikinsa. Hausar da ke cikinsa irin ta dattawan da muka taso muka tarar ce, da gaisuwarta da ladabinta, kuma suturar da gine-ginen da aka nuna sun isa darasin tarihi ga yaron da bai taɓa ganin zaure ko soro na asali ba. Matashin da ya saba da finafinan yanzu zai ga kamar yana tafiyar hawainiya, kuma gaskiya ne yana buƙatar haƙuri, amma na dukan iyali ne. An yi shekaru ana zaton ya ɓata, sai aka gano fayafayansa a wani tsohon ɗakin ajiya, aka gyara shi da taimakon wata cibiya ta Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na birnin Balin a 2018. Abin da ke damuna shi ne Turawa sun zauna sun kalle shi a gyare, jikokina kuwa ko sunansa ba su taɓa ji ba. Ina kira ga Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wadda Ali Nuhu yake shugabanta tun farkon 2024, da ta zagaya da shi makarantu da garuruwan Arewa kamar yadda ake yawo da majigi a zamanin da.

Na biyu shi ne wanda mu a nan muke kira Umar Mukhtar, wato Lion of the Desert na Mustapha Akkad, wanda shi ne kuma ya shirya The Message. Labarin malamin Alƙur'ani ne na ƙasar Libiya da ya yi kimanin shekara ashirin yana yaƙar 'yan mulkin mallakar Italiya har suka kama shi suka rataye shi a 1931, kuma Anthony Quinn ne ya fito a matsayinsa. Akwai yaƙi da zubar da jini a cikinsa, don haka ban ba da shawarar a sa wa ƙananan yara ba, amma duk saurayin da ya kai shekara goma sha biyar ya kamata ya gan shi tare da mahaifinsa.

Akwai finafinai biyu a kan yara da nake roƙon kowane uba da kowane malamin makaranta ya nema. Ɗaya daga Iran yake, Majid Majidi ne ya yi shi a 1997, an fi saninsa da Children of Heaven. Wani yaro ɗan talakawa ne ya ɓatar da takalmin ƙanwarsa bayan ya karɓo shi daga wurin gyara, su biyun suka san mahaifinsu ba shi da kuɗin sayen wani, sai suka ɓoye maganar suka riƙa karɓa-karɓa da takalmin yayan, ita ta je makarantar safe ta dawo da gudu ta ba shi, shi kuma ya ruga tasa a makare. Iyakar labarin ke nan, babu rawa, babu bindiga, babu attajiri, amma ban san fim ɗin da ya nuna kunya da mutuncin gidan talaka kamarsa ba. Shi na sa wa jikokina a daren da ya biyo bayan wancan abin kunyar, ina karanta musu fassarar da ke ƙasa ina mayarwa da Hausa, kuma har ƙaraminsu bai motsa ba sai da aka gama. Na ga irin waɗannan yara da idona a ajina shekara da shekaru, masu zuwa a makare kullum, ana dukansu ba a tambayi dalili ba.

Ɗayan kuwa na Indiya ne, Taare Zameen Par, wanda Aamir Khan ya yi a 2007, kuma sai a bara na kalle shi bisa shawarar wata tsohuwar ɗalibata da yanzu ita ma take koyarwa. Yaro ne ɗan shekara takwas da haruffa suke rikice masa idan ya zo karatu, iyayensa da malamansa suka ɗauka lalaci ne da taurin kai, aka kai shi makarantar kwana don ya horu, ya ƙara lalacewa, har sai da wani malamin zane ya gane cewa lalura ce ke damunsa, kuma ana iya taimaka masa. Na kalle shi zuciyata tana ƙuna, domin na tuna fuskokin yara da dama da muka yi wa laƙabin daƙiƙai a ɗakin malamai, alhali da mun san wannan lalura da wataƙila rayuwarsu ta bi wata hanya dabam. Fim ɗin ya ɗan yi tsawo, kuma akwai wuraren da aka matsa wa mai kallo sai ya yi kuka ko yana so ko ba ya so, amma da ina da iko da an riƙa nuna shi a kwalejojin horar da malamai. Wannan shi ne amfanin shawarar wanda ya san ka: ɗalibata ta san aikin da na yi, shi ya sa ta zaɓar mini shi, wayata kuwa da shekara goma za ta yi ba ta turo mini shi ba.

A cikin na kusa-kusa, ɗana ya nuna mini Zinder, wanda Aicha Macky, 'yar asalin Damagaram, ta fitar a 2021. Wannan ba wasan kwaikwayo ba ne, rayuwar gaskiya ce ta matasan unguwar Kara-Kara da ke birnin Damagaram, wato Zinder, a Nijar, unguwar da asalinta aka keɓe wa kutare, inda rashin makaranta da rashin aiki suka tura samari cikin ƙungiyoyin daba da fasa-ƙwaurin man fetur. Da Hausa suke magana, kuma ta bar su sun faɗi abin da ke ransu ba tare da ta yi musu wa'azi ko ta wanke su ba. Duk wanda yake zaune a Kano ko Kaduna ko Sakkwato zai ga unguwar da ya sani a cikinsa. Na manya ne, kuma na fi so masu unguwanni da 'yan siyasa su gan shi. A ɓangaren masu dogon zango kuwa, na bi Kwana Casa'in na tashar Arewa24 saboda yadda ya fito da siyasar ubangida da halin da asibitocin gwamnati da 'yan jarida suke ciki a wata ƙirƙirarriyar jiha mai suna Alfawa, ko da yake, kamar yawancin masu dogon zango, akwai inda aka ja labari fiye da ƙima. Ya kamata kuma masu karatu su sani cewa The Milkmaid na 2020 da Mai Martaba na 2024, waɗanda Nijeriya ta tura gasar Oscar a matsayin wakilanta, da Hausa aka yi yawancin maganar cikinsu. Ina so in ji ra'ayin waɗanda suka kalle su, musamman mutanen Arewa maso Gabas game da na farkon, tunda labarin tayar da ƙayar bayan da ya shafe su ne.

Na san akwai dattawa da malamai da za su ce jarida mai mutunci ba ta da hurumin ɓata shafi a kan kallon fim, wasu ma suna ganin duk harkar ɓata tarbiyya ce. Ina girmama wannan ra'ayi, kuma abin da ya faru a ɗakina shaida ce cewa tsoronsu yana da tushe. Sai dai yaranmu suna kallo ko mun yarda ko ba mu yarda ba, a ɗaki, a makaranta, a cikin Adaidaita Sahu. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana iya duba abin da aka shirya ko ake sayarwa a cikin jihar, amma ba ta da hanyar tsayawa tsakanin yaro da abin da ke shigowa wayarsa daga kowace kusurwa ta duniya da tsakar dare. Tacewar da ta rage ita ce ta iyaye da yayye da malamai, su kuwa ba za su iya tace abin da ba su sani ba. Uban da ya ce wa ɗansa kada ya kalli wannan, ya fi samun biyayya idan yana da wani abin da zai miƙa masa a madadinsa.

Akwai kuma wata riba da irin wannan fili zai kawo, wato adana tarihi. Ahmad S. Nuhu ya rasu a 2007, Rabilu Musa Ibro a 2014, Kasimu Yero a 2017, Usman Baba Pategi, wato Samanja, a 2023, Allah ya gafarta musu baki ɗaya. Ayyukansu da yawa a kan kaset suke, kaset kuwa zafi da ƙura da damina suna cinye shi, kuma na'urar da za ta kunna shi ma ta zama abin nema. Finafinai da dama na shekarun 1990 yanzu babu inda suka rage sai a ƙwaƙwalwar waɗanda suka kalle su. Idan uwargida a Gusau ta rubuto ta ba da labarin fim ɗin da ta fi so tana amarya, ta ambaci 'yan wasansa da abin da ya faru a cikinsa, to ta ajiye wa masu bincike na gobe abin da ba za su samu a wani wuri ba, kuma mai yiwuwa wani a Maraɗi ko Kumasi ya karanta ya tuna cewa yana da kaset ɗin a ƙasan akwati. Na ambaci uwargida da gangan, domin mata su ne suka riƙe kasuwar finafinan Hausa tun farkonta, amma muryarsu ce aka fi rashin ji idan ana sharhi.

Saboda haka, Edita, abin da nake roƙo bai wuce rabin shafi a mako ba. Kowane mai rubutu ya taƙaita a kan fim ɗaya ko biyu, tsoho ko sabo, na gida ko na waje, ya sa sunansa da garinsu domin ya tsaya a bayan maganarsa kamar yadda telanmu yake tsayawa. Kada a karɓi wasiƙar da zagin ɗan wasa ko tonon asirin rayuwarsa ne a cikinta, kuma duk wanda yake da hannu a fim, ko furodusa ne ko ɗan'uwan jarumi, ya bayyana haka a fili don kada filin ya koma dandalin talla. Zai yi kyau a riƙa ba 'yan fim damar mayar da martani cikin ladabi idan an soki aikinsu. Idan kun amince, ni a shirye nake in riƙa aiko da nawa duk wata, kuma na riga na yi magana da wasu tsofaffin abokan aikina da ɗalibaina su ma sun ce za su rubuto. Kafin nan, ina roƙon duk mai karatun da yake da kaset ɗin Turmin Danya mai aiki ya sanar da wannan jarida, domin ina so in nuna wa jikokina shi kafin hutun babbar salla ya ƙare.

Na gode da wannan dama da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Fagge, Kano.